Yadda Ake Sanar Da Waɗanda Suka Haɗa Maka Kuɗin Buga Littafi Halin Da Aiki Ke Ciki

Littattafai huɗu na buga da gudunmawar jama'a a nan Sakkwato, na kuma riƙe wa abokai biyu lissafin nasu. Tara kuɗin yana da wuya, amma watannin da ke biye da shi sun fi wuya, wato daga ranar da alat na ƙarshe ya shigo zuwa ranar da littafi ya shiga hannun mai shi. Wanda ya ba ka dubu biyar zai iya jiran shekara guda in yana jin labari. In ya ji shiru wata biyu, zai fara tambayar wasu kafin ya tambaye ka, kuma a gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, maganar kan riga ka isa masallaci.

A Amurka da Ingila marubuta kan tara irin wannan kuɗi ta wani shafin intanet mai suna Kickstarter, shi ne kuma ke kai wa kowa saƙon marubuci. Mu nan ta asusun banki da WhatsApp da hannu-da-hannu muke tarawa, don haka nauyin sanarwa gaba ɗaya a kanka yake. Ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

- Littafin rajista mai bango mai ƙarfi, da kwafinsa a waya. Excel ko Google Sheets sun isa. In ba ka iya su ba, ɗauki hoton kowane shafi na rajistar ka tura wa kanka ta imel, domin waya na ɓacewa, takarda kuma na jiƙewa.
- Asusun banki na littafin shi kaɗai. In buɗe sabo zai yi maka nisa, ware ɗaya daga cikin waɗanda kake da su, ko na OPay ko Moniepoint, ka daina cefane da shi har aiki ya ƙare.
- Waya mai kyamara da ke ɗaukar rubutu ya fito sarai.
- Babbar ambulan ta ajiye rasit.
- Kalandar bango mai watannin Musulunci da na Bature tare.
- Mutum na biyu, amintacce, wanda ba ɗan gidanku ba, da zai riƙa duba lissafi tare da kai. Wannan shi ne kayan aikin da aka fi mantawa da shi, shi ne kuma zai yi magana a madadinka ranar da ka kwanta ciwo ko tafiya ta kama ka.

1. Rubuta kowa ranar da kuɗinsa suka shigo

Kar ka bari sai an gama tarawa. A kowane layi sa suna, lambar waya, gari ko unguwa, adadin kuɗi, kwanan wata, da abin da ka yi wa mutumin alƙawari: kwafi nawa, ko sunansa zai shiga shafin godiya. Ƙara gurbi biyu a ƙarshe, ɗaya na hanyar da yake so a riƙa sanar da shi, ɗaya na ko ya yarda a ambaci sunansa a bainar jama'a. Akwai masu bayarwa don Allah da ba sa son ko iyalinsu su sani.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na masu tura kuɗi ta wurin mai POS ne. Sunan mai POS ɗin zai fito a alat, ba na mai gudunmawar ba, bayan wata uku kuma ba wanda zai iya tuna ko wane ne. Tun a sanarwar farko ka roƙi kowa ya turo hoton rasit da sunansa.

Sai abu mafi nauyi: ka bambance kuɗin gida uku. Akwai kyauta, wadda mai ita ba ya jiran komai. Akwai wanda ya sayi kwafi tun kafin a buga, wannan yana bin ka littafi. Akwai kuma wanda ya ce "riƙe wannan, in an sayar ka mayar mini", wannan rance ne ko da cikin raha ya faɗa. Rubuta kowane da sunansa, ka karanta wa mai shi abin da ka rubuta ya ce e. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma duk rigimar da na taɓa gani a wannan harka daga kuɗin da mai bayarwa ya ɗauka rance, mai karɓa ya ɗauka kyauta ta taso.

2. Raba mutane bisa hanyar da saƙo zai same su

Mafi yawansu WhatsApp zai wadatar. Na fi son jerin aikawa, wanda ake kira burodkas, a kan guruf. Saƙo na zuwa wa kowa shi kaɗai, amsarsa kuma kai kaɗai za ka gani. Jeri ɗaya na ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba zai isa ga wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba. Saboda haka ka aika na gwaji, ka ce duk wanda ya gani ya amsa, sannan ka bi waɗanda ba su amsa ba ɗaya bayan ɗaya.

In dole sai guruf, rufe shi ta yadda kai da mutuminka na biyu kaɗai ke iya rubutu. In ka bar shi a buɗe, cikin mako guda zai cika da tallar atamfa da muhawarar siyasa, saƙonka ya nutse. Ka tuna kuma a guruf kowa na ganin lambar kowa. Kar ka jefa matan aure da 'yan mata ciki ba tare da izininsu ba.

Manya kuwa ba a haɗa su da kowa a burodkas. Malaminka na jami'a, ko basarake, ko dattijon da ya ba ka kuɗi a zaurensa, wannan kira ake yi, in da hali a je a durƙusa a ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo in shaida maka inda aikin nan ya kai." Sau ɗaya a wata biyu ya isa. Wanda ba ya karanta boko ka yi masa saƙon murya da bai wuce minti biyu ba. Wanda wayarsa ƙarama ce, tes na layi uku. 'Yan'uwa na Ƙonni da Tawa da mazauna Saudiyya duk WhatsApp na kai musu, sai dai ka sa musu alama tun yanzu, don kai musu littafi zai buƙaci shiri na daban.

3. Saƙon farko: nuna musu hanyar gaba ɗaya

Yawancin masu ba ka kuɗi ba su taɓa shiga maɗaba'a ba. A ganinsu tunda ka ce ka gama rubutu, saura a danna inji. In ba ka bayyana musu matakan ba, kowane jinkiri zai yi kama da wasa da kuɗinsu. A mako na farko bayan rufe tarawa, aika musu jerin: gyaran edita, tsara shafuka, zanen bango, karɓo lambar ISBN, duba samfur, bugu, ɗinki ko gam, jigila, rabawa. Kowane mataki ka yi masa bayani da jimla ɗaya. ISBN, alal misali, lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta littafinka da kowane littafi a duniya, Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma sai ta zo kafin a kammala bangon baya.

Wajen lokaci, faɗi wata, kar ka faɗi rana. Duk abin da mai maɗaba'a ya ce maka, ƙara makonni shida a kai kafin ka gaya wa jama'a. Ɗauko kalandar nan ka duba abin da ke gabanka. A watan Azumi aiki na raguwa, ma'aikata na tashi da wuri, mako guda kafin Salla da mako guda bayanta kuwa kusan a rufe ake. Ƙarshen shekarar Bature injuna na kan kalanda da katin biki. Gab da komawa makaranta suna kan littattafan 'yan makaranta. Shekarar zaɓe ta fi duka: fastar 'yan siyasa kuɗi a hannu take zuwa, littafinka zai koma ƙasan tari. In aikinka ya faɗa ɗaya daga cikin waɗannan, ka faɗa tun a saƙon farko.

4. Tsayar da ranar sanarwa

Sau biyu a wata lokacin da aiki ke tafiya, sau ɗaya in ana jira. Ni Lahadi bayan isha'i nake yi. Ka guji safiyar Juma'a, saƙonnin barka da Juma'a za su binne naka. Ko babu abin da ya motsa, ranar ta zo ka aika: "Har yanzu muna jiran edita, ya ce sauran babi uku." Layi ɗaya ne, amma ya fi a tare ka a bakin kasuwa ana cewa, "Malam, wai ina littahin nan ya kwana?" Sitatus na WhatsApp ba sanarwa ba ne, bayan awa 24 ya ɓace, kuma ba kowa ke buɗewa ba.

5. Yadda ake gina saƙon

Abu huɗu nake sawa, a jere: abin da aka gama, abin da ake ciki, abin da ke tafe da watansa, sai shaida ɗaya da ido zai gani. Ga irin wanda nake aikawa:

"Assalamu alaikum. Sanarwa ta biyar kan littafinmu. An gama gyaran edita ranar Laraba. Yanzu ana tsara shafuka, an kai shafi na 90 cikin kimanin 160. In Allah ya so za mu karɓi samfur cikin watan gobe. Ga hoton shafi na farko kamar yadda zai fito. Sanarwa ta gaba Lahadi ta sama. Allah ya saka da alheri."

Lura da lambar sanarwa. Tana taimakon wanda wayarsa ta lalace ya gane abin da ya wuce shi. Lura kuma da "littafinmu": tun da suka sa kuɗinsu sun shiga ciki, ka bar su su ji haka.

Hoto ya fi dogon bayani, gani ya kori ji. Shafi mai jan biron edita, rim ɗin takarda a jibge, faranti (ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kansa don bugu) a kan inji, bidiyon daƙiƙa ashirin na shafuka na fitowa. In a Kano ko Zariya ake bugun, kamar yadda yawancinmu ke yi, ba kuma za ka iya zuwa ba, roƙi mai maɗaba'a ko yaronsa ya ɗauko maka, ka sa masa kati.

Gargaɗi biyu. Kar ka taɓa tura wa kowa littafin gaba ɗaya a PDF, ko da wanda ya fi kowa ba da kuɗi ne. Ba lallai ya yi mugun nufi ba, zai tura wa mutum ɗaya don alfahari da kai, daga nan ya fita hannunka, ka tarar ana rabonsa kyauta kafin bugu ya bushe. Shafi ɗaya ko biyu a hoto sun isa. Na biyu, kar ka cika saƙo da godiya da kirari har labarin ya ɓace a tsakiya. Godiya layi ɗaya a ƙarshe.

6. Lissafin kuɗi, wata-wata

A sanarwar farko ta kowane wata ka sa lambobi uku: jimillar abin da ya shigo, abin da aka kashe da inda ya tafi, da abin da ya rage. A ce an tara naira 600,000, edita ya karɓi kaza, mai zanen bango kaza, an ba maɗaba'a kafin alƙalami kaza, saura kaza. Mutuminka na biyu ya duba da rasit kafin ka aika, ka ambaci cewa ya duba. Abin da kowa ya bayar shi kaɗai kuwa ya tsaya a rajista, domin jera sunaye da adadi na kunyata mai dubu biyu a gaban mai dubu ɗari, alhali wataƙila shi ya fi jin fitar nasa.

Kuɗin motarka zuwa maɗaba'a da na data halal ne a cire su daga asusun, muddin ka rubuta ka kuma faɗa. Abin da ba a yi shi ne ranta daga ciki don wata lalura da niyyar mayarwa ƙarshen wata.

Takarda ita ke cin kaso mafi girma, yawancinta kuma daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Waɗanda suka tara kuɗi a farkon 2023 suka jira har bayan cire tallafin mai a watan Mayu da sakin naira a watan Yuni sun ga yadda kuɗin da ya isa kwafi dubu ya kasa. Don haka da zarar an san yawan shafuka, ka biya kuɗin takarda, ka karɓi rasit, ka sanar. In duk da haka kuɗi suka gaza, kawo wa jama'a zaɓi a fili: a rage yawan kwafi, ko a sauko daga takarda mai giram 70 zuwa mai 60, ko a buɗe ƙofar ƙari ga mai so. Ni na fi karkata ga rage kwafi, domin wanda ya biya ya cancanci littafi irin wanda aka kwatanta masa. Kar ka bi mutane a ɓoye ɗaya-ɗaya kana neman ƙari, za su haɗu su gwada labari.

7. Ranar da abu ya lalace

Zai lalace, ko kaɗan ne. A littafina na biyu, wata maɗaba'a ta buɗe fayil ɗina a kwamfutar da ba ta da irin harafin da aka tsara shi da shi. Duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna a shafuka talatin da biyu, ba a lura ba sai da aka buga su. Na ga abin da yamma, na kwana ina tunanin ko in yi shiru har a gyara. Da safe na kira mutumina na biyu, muka rubuta saƙo tare muka aika kafin azahar. Mutum ɗaya ne ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, na mayar a ranar. Sauran addu'a suka yi, wani ma ya ƙaro kuɗin takarda ba a roƙe shi ba. Tun daga nan PDF kaɗai nake kai wa maɗaba'a, ina kuma duba haruffa masu lanƙwasa a samfur shafi-shafi kafin in sa hannu.

Ƙa'idata ita ce kwana biyu: mummunan labari ba ya jiran ranar sanarwa. Faɗi abin da ya faru, abin da zai ci na kuɗi da lokaci, abin da kake yi a kai, da sabon watan da kake sa rai. Kar ka kama sunan maɗaba'a ko edita kana zagi, aikinka na hannunsu, kuma masu gudunmawa kai suka ba amana. In jinkirin daga gare ka ne, rashin lafiya ko rasuwa ko rubutun da ya ƙi ƙarewa, faɗi haka a taƙaice. In ya wuce wata uku a kan alƙawari, buɗe ƙofa da kanka: duk mai son kuɗinsa ya yi magana a keɓe. Ka yi wannan tayin ne kawai in akwai abin mayarwa a asusu. In kuɗin sun riga sun zama takarda, faɗi gaskiyar haka, ka nuna rasit.

8. Inda ake neman ra'ayinsu

Bango biyu ka nuna musu su zaɓi ɗaya, wannan na sa su ji ana yi da su. Abin da ke cikin littafi kuwa naka ne da editanka, kar ka sa shi a ƙuri'a. Sai dai in an yanke wani hukunci babba, ka sanar. Mu nan wanda ya fi tasowa shi ne na harshe: ko a bar zancen taurarin labarin cikin Sakkwatanci ko a mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Wanda ya ba da kuɗi don ya ji muryar gida a takarda yana da haƙƙin sanin abin da aka zaɓa da dalili.

Shafin godiya na buƙatar saƙo nasa. Tura wa kowa sunansa shi kaɗai kamar yadda zai fito, ka tambaye shi ko daidai ne. Muhammad ko Muhammadu, Alhaji ko Malam, Dakta ko Farfesa, da sarauta in akwai. Sa ranar rufewa mako guda kafin a yi faranti, domin bayan nan gyaran harafi ɗaya sabon faranti ne da sabon kuɗi.

9. Littafi ya iso

Kar ka sanar da isowa sai ka buɗe kwalaye ka ƙirga, ka zaro kwafi daga sama da tsakiya da ƙasan kowane kwali ka duba shafukan da suka juye ko suka ɓace. In lokacin zafi ne, Maris zuwa Mayu, kar kwali ya yini a but ɗin mota ko shagon kwano, bango na nannaɗewa, gam na saki.

Masu gudunmawa su ne farko, kafin 'yan kasuwa, kafin bikin ƙaddamarwa. Babu abin da ke ɓata wa mutum rai kamar ya ga littafin da ya biya wata takwas baya a hannun wani. Na cikin gari ka raba su unguwa-unguwa, Mabera rana ɗaya, Runjin Sambo da Arkilla wata rana, ko ka sa wuri guda da awanni da za a same ka. Manya kai da kanka za ka kai musu, da sa hannunka a shafin farko. Na Tambuwal, Gwadabawa, Illela, Birnin Kebbi da Gusau, nemi mutum ɗaya a kowane gari ka aika nasu tare ta tasha, ka tura masa lambar direba da hoton ƙunshin. Kowa ya karɓa, sa alama a rajista, ka nemi ya amsa da "ya iso". Ware kuma kwafi uku na Laburaren Ƙasa, doka ta ɗora wa duk mai buga littafi na kashin kansa ya kai su.

10. Rufe lissafi

Bayan mako biyu da fara rabo, aika sanarwa ta ƙarshe: kwafi nawa aka buga, nawa aka kai wa masu gudunmawa, nawa suka rage, jimillar kuɗin da aka kashe, da canjin da ya saura in akwai. Canjin ba naka ba ne sai sun ce. Kawo shawara ɗaya, kamar a kai kwafi ɗakunan karatu na makarantun sakandare da shi, ka ba su mako guda su amsa. Masu rance ka gaya wa kowannensu a keɓe watan da za ka fara biya da adadin.

Waɗanda ba a samu ba, bi su da kira sau biyu, sannan ka rubuta sunan kowa a takarda ka soke cikin kwafinsa, ka ajiye su a kwali guda da ba za a taɓa don sayarwa ba. In guruf ka buɗe, sanar da ranar rufe shi, ka rufe a ranar. Rajistar da ambulan ɗin rasit ka ɗaure su tare, ku sa hannu kai da mutuminka na biyu a shafin ƙarshe da kwanan wata, ka ajiye inda gara ba ta kaiwa.